Darasin Iyali: Kare Garken Tumaki Daga Annoba

A gidaje da yawa tunkiya ita ce ajiyar iyali. Da ita ake biyan kuɗin makarantar yara, da ita ake zuwa asibiti sa'ad da ciwo ya zo. Saboda haka ya kamata mu san wata cuta mai cinye garke, wadda likitocin dabbobi suke kira PPR.

Mece ce wannan cuta?

Ƙwayar bairos ce take kawo ta. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa a shekarar 1942. Tana kama tumaki da awaki, ta fi tsanani ga awaki, amma ba ta kama mutum. Tana yaɗuwa ta numfashi, da majina, da kashi, da kwanon ruwan da dabbobi suke sha tare.

Alamunta

Kwana 4 zuwa 6 bayan kamuwa, jikin dabba yakan yi zafi, ta daina cin abinci. Sai majina da kwantsa su toshe hanci da ido, baki ya yi gyambo, daga baya zawo da tari su biyo.

Abin da za mu yi

1. Kada mu haɗa sabuwar dabba da garke nan da nan, gama sau da yawa daga kasuwa cutar take shigowa gida. A ɗaure ta dabam har mako 3, da nata kwanon ruwa.

2. Mu yi rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, tana yin allurar. Akan yi wa 'yan tumaki daga wata 4, allura ɗaya kuma tana kare dabba shekara 3 ko fiye.

3. Mu ware marar lafiya, mu kira jami'in dabbobi. Babu maganin da yake kashe ƙwayar, amma ruwa mai tsabta, da abinci mai laushi, da maganin ciwon huhu sukan ceci wasu.

4. Kada mu kai marar lafiya kasuwa. Wanda ya yi haka ya ɗora wa maƙwabcinsa hasara. Mushe kuwa a binne shi da zurfi.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

Yaushe aka yi wa tumakinmu allura ta ƙarshe? A ina za mu ɗaure sabon rago idan an saye shi? Wane ne cikin yara zai riƙa duba hanci da idon dabbobi kowace safiya?