Ƙidayar Watanni Da Shekaru A Wurin Yahudawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, Yahudawa da Musulmi duka da tsayuwar wata su ke ƙidayar kwanakinsu, kuma yininsu yana farawa ne daga faɗuwar rana. To, me ya sa azumin Ramadan ya ke zagaya rani da damina, amma idodin Yahudawa ba su barin lokacinsu?

Dalili kuwa shi ne, shekarar wata ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Attaura ta umurci Bani Isra'ila su yi Idin Ƙetarewa, watau tunawa da fitarsu daga Masar, a lokacin da sha'ir ke nuna a ƙasar Falasɗinu. Saboda haka su kan ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, watau a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. Shekarar da ba ƙari tana da kwana 353 zuwa 355, mai ƙari kuwa 383 zuwa 385.

Sunayen watanninsu, kamar su Nisan, Tammuz da Adar, daga Babila su ka samo su, bayan da Bukhtanasar ya rushe Baitul Muƙaddas a shekara ta 586 kafin Annabi Isa, alaihis salam. A da, sai shaidu sun zo gaban majalisar malamansu sun tabbatar da ganin wata, sa'an nan a hura wuta a kan duwatsu don sanar da na nesa. Daga baya su ka koma ga lissafi zalla. Ruwayarsu ta danganta wannan ga shugabansu Hillel na Biyu, wajen shekara ta 359 Miladiyya, amma har a shekara ta 921 malamansu na Iraƙi da na Falasɗinu sun yi jayayya a kan ranar idi. Shekarunsu kuwa suna ƙidaya su ne daga 3761 kafin Miladiyya, wadda su ke ɗauka farkon halitta. Shekararsu ta 5786 ta kama a watan Satumba na 2025.

Malaman Musulunci ba su ƙyale wannan ilmi ba. Alhawarizmi ya wallafa risala a kansa, Albiruni kuma ya ambata cewa Larabawan jahiliyya daga Yahudawa su ka koyi ƙarin wata. Alƙur'ani, a Suratut Tauba aya ta 36 da 37, ya tabbatar da cewa watanni 12 ne, ya kuma haramta jinkirta wata mai alfarma daga matsayinsa, kamar yadda Larabawa su ke yi don son zuciya.

A nan ne hanyoyin biyu su ka rabu. Tun da Musulmi ba su ƙara wata, Ramadan ya kan zagaye dukan lokutan shekara cikin wajen shekara 33. Ta haka mutanen kowace ƙasa su kan ɗanɗana azumin zafi da na sanyi, ba wanda aka ɗora wa dogon yini har abada. Wanda ya fahimci wannan ba zai ɗauki saɓanin shekarar Hijira da ta rana a kan naƙasa ba.

Allah shi ne Masani. Allah ya sa a dace, amin.