Darasi na 18: Baƙon risho da tukunyar gaz ta gida

Wani direban babbar mota ya komo Damagaram daga tafiya. Ya kawo wa ƙanwarsa tsarabar risho mai kai biyu, ƙirar Faransa, irin wanda matafiya suke girki da shi in sun kwana a daji.

A gidan akwai tukunyar gaz ta kilo 6. Babban ɗanta ya gwada tiyon rishon a bakin tukunya, bai zauna ba. Sai ya ce:

— Kawu, bari in yanko roba in ɗaure shi tam.

— Kul, yaro! Gaz ba ruwan famfo ba ne. Juya rishon, ka karanta mini abin da aka rubuta a bayansa.

Yaron ya juya shi. Ya ga an rubuta sunan gaz ɗin, watau bitan, da kuma milibar 28 zuwa 30.

Me wannan rubutu yake nufi? A cikin tukunya gaz ruwa ne, an matse shi da ƙarfi. In an buɗe, sai ya fito kamar iska. Da bazara, in zafi ya kai digiri 40, ƙarfinsa yakan kusa ninka abin da wannan risho yake so har sau 100. Don haka ake sa wani ɗan ƙarfe tsakanin tukunya da tiyo, shi ke rage ƙarfin. Masu sai da gaz suna kiran sa detandar. In babu shi, wuta ta yi tsalle sama, ko tiyo ya kuɓuce yana fesa gaz. Murhun da aka saba ɗaurawa a kan tukunya kai tsaye, shi an ƙera shi don ya jure wannan ƙarfi. Baƙon risho kuwa ba haka yake ba.

Ban da wannan, kowace ƙasa da irin bakin tukunyarta. Ko da a ido sun yi kama, ba a tilasta su. Roba da tsumma ba su tsare gaz.

Kashegari kawu ya ɗauki risho da tukunya zuwa wurin mai sai da gaz. Aka ba shi detandar da ya dace da su duka biyu, da sabon tiyo na gaz, da zoben ƙarfe na ɗaure bakinsa. Da suka komo, suka haɗa a tsakar gida, nesa da murhun itace. Ba su kunna ba tukuna. Inna ta dama ruwan sabulu, ta shafa a kowace mahaɗa. A wuri guda kumfa ya yi ta tashi: gaz na yoyo ke nan. Kawu ya rufe tukunya, ya ƙara ɗaurewa, aka sake shafawa. Shiru. Wasu sukan nemi yoyo da ashana, abin da ya ƙone gidaje da yawa.

Sannan aka kunna. Wuta ta fito shuɗiya, alamar tana ci daidai. Da ta fito rawaya tana baƙanta tukunyar miya, da sai a kashe a duba.

Inna ta aje tukunyar gaz a tsaye, cikin inuwar rumfa, inda iska ke ratsawa. Ba a kwantar da ita. Ba a girki da ita cikin ɗaki a rufe, don wutar tana iya fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari. Bitan kuma ya fi iska nauyi: in ya yi yoyo, ƙasa yake taruwa, inda yara ke kwance bisa tabarma.

Tun 2011 ake samun gaz a matatar mai ta Damagaram. Gidan da ya koma girki da shi ya rage sayen itace.

Tambayoyi
1. Me ya sa kawu ya hana a ɗaure tiyo da roba?
2. Mene ne aikin detandar?
3. Yaya ake gane yoyon gaz?

Aiki: Ku zana tukunya, da detandar, da tiyo, da risho. Ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci.