Ladabin Sauka a Gidan Aboki a Kumasi

Ɗalibi, idan tafiya ta kai ka Ghana, ka sauka gidan amininka ɗan ƙabilar Ashanti a Kumasi, kada ɗokin ganinsa ya sa ka wuce iyayensa. Fara gaisuwa daga wanda ke damanka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu. Za su ce "Akwaaba", wato sannu da zuwa, su ba ka kujera da ruwa. Ko ba ka jin ƙishi, kurɓa. Daga nan maigida zai tambayi abin da ke tafe da kai, ko da ya sani. Kada ka ce, "Ai na rubuto wasiƙa." Faɗa masa tun daga farko, a natse. Tsaraba kuwa da hannun dama ake miƙawa. In ka miƙa da hagu, abokinka ne zai sha kunya.