Darasin Turanci: He, She da It

Darasinmu na yau kan wakilin suna ne a Turanci.

A nan Legas, broka ta saba mana da "am". Mutum ne, mota ce, akuya ce, duk "I see am". To, a Turancin takarda ba haka ba ne. Namiji "he", mace "she". In su aka yi wa aikin, sai ka ce "him" da "her": "I saw him", "I saw her". Abu marar rai kuwa "it" ne. Mu a Hausa mota mace ce, gida namiji, amma Bature duk "it" yake ce musu.

Wani kuskuren kuma: mukan ce "Musa ya zo", sai mu juya shi "Musa he came". A'a. In ka ambaci suna, ba ka ƙara "he". "Musa came" ya isa.

Kar ku raina wannan. Kwanaki na raka wani ɗan'uwa asibiti, yana bayanin ciwon matarsa yana ta cewa "he", har nas ta ɗauko katin ɗansa.

Aikin gida: ku juya "Ta ba shi kuɗinta." A kawo mini Juma'a mai zuwa bayan salla.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.