Duba Harafi Kafin Ka Duba Lamba

Maigida, wataƙila ka ga ƙaramin firiji irin wanda ake ɗauka a hannu, ko a sa a mota, ko a haɗa shi da faranti mai zuƙar hasken rana. Yanzu ana samunsa a ɗakunan shan magani, har da gidajen masu ciwon sukari waɗanda ke ajiye allurar insulin. A goshinsa akwai 'yar taga mai nuna lamba. Lambar nan ita ce ke gaya maka zafin cikinsa ko sanyinsa. Amma ba ta tafiya ita kaɗai. Kusa da ita akwai harafi, ko C ko F.

Ka san shinkafar da aka auna da mudu, in aka sāke auna ta da tiya, lissafi zai sauya, shinkafa kuwa tana nan yadda take. To, haka zafi yake. Ma'auni biyu gare shi. C shi ne Salsiyos, sunan wani masani ne na ƙasar Suwidin wanda ya tsara shi a 1742. Da shi muke aiki a Nijeriya. F shi ne Faranhait, tun 1724 yake, mutanen Amurka kuma har yanzu shi suke bi. Shi ya sa firijin da aka yi domin kasuwarsu yakan zo da F.

A ma'aunin C ruwa yana zama ƙanƙara a 0, yana tafasa a 100. A ma'aunin F yana ƙanƙara a 32, yana tafasa a 212. Jikin mai lafiya 37 ne a C, watau 98.6 a F. Ranar Afrilu a Birnin Kebbi takan wuce 40 a C, watau 104 a F.

Ga abin da za ka riƙe. Insulin da ba a buɗe ba, da yawancin allurar riga-kafi, wurin zamansu tsakanin 2 da 8 ne a C. A F kuwa tsakanin 36 da 46 ne. Allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wadda aka soma yi wa yara a Jihar Kebbi a Disamba 2024, ita ma haka take. Daga Birnin Kebbi har ƙauyukan fadamar Argungu, a mota ne, a babur ne, ko a kwalekwale, cikin wannan sanyi ake kai ta.

To, a ce taga ta nuna 40, harafi kuwa F ne. Wanda bai duba harafi ba sai hankalinsa ya tashi, ya ce firiji ya ɗauki zafi, ya yi ta ƙara sanyi. Alhali 40 a F bai fi 4 da 'yan kai a C ba, lafiya lau ke nan. Mafi muni shi ne wanda aka ce masa ya ajiye a 5, ya murɗa har ya ga 5, bai lura F ne ba. 5 a F daidai yake da 15 ƙasa da sifiri a C. Magani ya daskare. Mutanenmu zafi suke tsoro, ba sa tsoron sanyi, ni kuwa a wannan aiki sanyi na fi tsoro. Gama insulin da ya taɓa daskarewa ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Haka allurar sarƙe-haƙora da ta ciwon hanta. Sai a yi ta yi wa mutum allura, ciwo yana nan yana cinsa.

In kana son juya F zuwa C, ɗebe 32, ka riɓa abin da ya rage sau 5, ka raba gida 9. Misali 41: ɗebe 32, saura 9, sau 5, 45, raba 9, ya zama 5. In daga C za ka F, riɓa sau 9, raba gida 5, ƙara 32. Wannan ɗan aji biyar na gidanka zai iya yi maka. Waɗansu sukan ɗebe 30 su raba biyu don sauri. Ya isa a yi hira da shi, amma ban yarda a yi wa magani shi ba, domin 34 a F zai ba ka 2, gaskiyarsa kuwa bai fi 1 da kaɗan ba.

Lura kuma da ɗan layi a kwance gaban lamba, kamar haka: -4. Ma'anarsa ƙasa da sifiri. In ka gan shi, fid da magani nan da nan, kada ka yi aiki da shi sai malamin asibiti ya duba.

Yawancin firijin nan ana iya mai da su C ta wurin maɓalli. Duba takardar da ta zo da naka, ko ka kai wa malamin asibiti ya saita maka. Hana yara wasa da maɓallan. Rubuta "2 zuwa 8 C" da "36 zuwa 46 F" a takarda ka manna a murfin, ka riƙa leƙa tagar da safe bayan asuba, da kuma la'asar sa'ad da rana ta gama dukan ɗaki.