Darasi: Allurar Dokas

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:36-42.

Littafi bai ce Dokas ta yi wa'azi ba. Ɗinki take yi a Yafa, tana taimakon matalauta. Da ta rasu, masu bi suka aiki mutum biyu Lidda su kirawo Bitrus. Gwauraye suka kewaye shi da kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Ubangiji ya tashe ta, mutane da yawa suka ba da gaskiya.

'Yan'uwa, kowace ekklesiya tana da Dokas tata: mai kaɗi, mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa. Ita ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kada mu jira ranar jana'izarta kafin mu san darajarta.

Tambaya: Sa'ad da dattawa suke raba hatsin baiko, suna neman shawararta?