DARASIN FASAHA A MAKARANTA DA YAƘI DA MASU BA DA BASHI BA BISA DOKA BA

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Neman rance ba laifi ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Manomi kan ci bashi don sayen taki, ɗan kasuwa don ƙarin jari, magidanci kuwa don biyan kuɗin asibiti. Abin da ke halaka mutane shi ne faɗawa hannun wanda ke ba da rance ba tare da izinin hukuma ba, yana ɗora ruwa yadda ya ga dama, sa'an nan ya bi kuɗinsa da tsoratarwa da tozartawa. An shirya wannan darasi ne domin malaman firamare da na ƙaramar sakandare, da shugabannin makarantu, da iyayen yara.

Yadda ake gane su

A ƙauye, sanannen abu ne a ba manomi hatsi ko kuɗi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan sharaɗin zai biya da kaka, wani lokaci har ninki biyu. A birni kuwa akwai masu riƙe katin banki na ma'aikaci da lambobinsa na sirri, su riga shi ɗiban albashi a ƙarshen wata. Na uku su ne masu ba da rance ta manhajar waya. Waɗansunsu kan kwashe lambobin da ke cikin wayar mai neman rance, in ya makara wajen biya ko da kwana ɗaya ne, sai su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙo cewa ɓarawo ne, har ma an sha samun waɗanda aka yaɗa hotonsu da sanarwar mutuwa alhali suna raye.

Alamominsu kusan iri ɗaya ne: babu lasisi, babu takardar yarjejeniya bayyananniya, ba a faɗin jimlar abin da za a biya tun farko, bashin kuma ba ya ƙarewa ko da ana ta biya.

Abin da doka ta tanada

Babban Bankin Nijeriya shi ke ba bankuna da ƙananan bankunan talakawa lasisi. Jihohi da yawa kuma suna da dokar masu ba da rance, wadda ta wajabta karɓar lasisi kafin a shiga sana'ar. A shekarar 2021 hukumar raya fasahar sadarwa ta ƙasa, watau NITDA, ta ci wani kamfanin ba da rance tarar Naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu kamfanoni irin waɗannan a Legas, daga baya cikin shekarar ta wajabta musu yin rajista. A 2023 aka zartar da Dokar Kare Bayanan Jama'a, a shekarar nan kuma kamfanin Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane.

Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, mai bashi kuwa ba ya son a san halin da yake ciki. Kunya ita ce babban makamin azzalumin mai rance. Muddin wanda aka zalunta ya yi shiru, to, ciniki ya ɗore.

Dalilin sa makaranta cikin wannan aiki

Maganar da babba ke jin nauyin faɗi, yaro kan fito da ita cikin wasa ba wanda ya ji haushi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a wasannin tashe na watan azumi yara sun daɗe suna kwaikwayon miyagun halaye, manya na dariya suna kuma ɗaukar darasi. A shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun riƙa kai wasanni Samaru da ƙauyuka don tattauna matsalolin jama'a. A Ingila ma, rundunar yaƙi da masu rance ba bisa doka ba, wadda aka kafa a Birmingham a 2004, takan yi amfani da kuɗin da aka ƙwace daga hannun masu laifin wajen tallafa wa ayyukan faɗakarwa a makarantu da unguwanni.

Ba a bukatar sabon darasi. Darasin Al'adu da Fasaha yana cikin manhajar ilmin farko ta shekara 9 tun 2008, ya kuwa ƙunshi zane da waƙa da wasan kwaikwayo da aikin hannu.

Ayyuka huɗu da malami zai iya shiryawa

1. Lissafi kafin zane. Lalle ne yara su fahimci abin kafin su zana shi. Misali: an rubuta wa mutum rancen ₦10,000, amma ₦8,000 aka ba shi, aka ce ya biya ₦10,000 bayan kwana 7. Ruwan ₦2,000 ke nan a kan ₦8,000, watau kashi 25 cikin 100 a mako ɗaya. In aka ninka sau 52, ya zama kashi 1,300 cikin 100 a shekara. Yara su juya wannan lissafi ya zama hoto, kamar buhu ɗaya a hagu da buhu 13 na ruwansa a dama.

2. Zanen bango da alluna. Kowane allo ya ɗauki saƙo ɗaya tak, da manyan haruffa, da boko da ajami inda ya dace. Tsohon kwali da gawayi da jar ƙasa sun wadatar.

3. Wasan kwaikwayo. Kada ya wuce minti 15. A nuna yadda bukata ta taso, da daɗin bakin mai rance, da ranar da barazana ta fara. A tsaya a nan, a tambayi 'yan kallo abin da ya kamata mai bashin ya yi, sa'an nan a ƙarasa wasan bisa shawararsu.

4. Waƙa da aikin hannu. Yara su tsara gajeruwar waƙa da kansu kan alamomin mugun bashi, su kuma gina asusu na yumɓu, domin a haɗa gargaɗi da koyon tanadi.

A ƙarshen zango a baje ayyukan ranar taron iyaye da malamai, a gayyaci mai unguwa, da limamai da fastoci, da jami'in ƙungiyoyin gama kai. Gani ya kori ji.

Sharuɗɗan da malami zai kiyaye

Na farko, kada a ambaci sunan kowa, kada kuma a kwaikwayi wani sananne a gari. Na biyu, kada a tambayi yaro ko ana bin gidansu bashi, domin mai yiwuwa a cikin ajin akwai wanda wasan labarin gidansu ne. In yaro ya kawo maganar da kansa, malami ya saurare shi a keɓe, ya sanar da shugaban makaranta kaɗai. Na uku, kada a mai da mai bashi abin dariya. Wanda ya yi haka ya taya azzalumi aikinsa. Na huɗu, kowane aiki ya ƙare da mafita: adashi tsakanin amintattu, ƙungiyar gama kai mai rajista, banki mai lasisi, ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa. A kuma nuna cewa wanda ake yi wa barazana ya ajiye saƙonnin da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko FCCPC.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamomi uku na mai ba da rance ba bisa doka ba.
2. In an karɓi ₦5,000 aka biya ₦6,000 bayan mako ɗaya, ruwan kashi nawa ne cikin 100?
3. Don me aka hana yi wa mai bashi dariya cikin wasa?
4. Ina mutum zai kai ƙara in an yaɗa sunansa saboda bashi?